Tsakanin Hadari da Haɗari: Amsoshin Tambayoyinku Kan Kula da Hanya Idan Yanayi Ya Ɓaci

Wasiƙun da suka taru a wannan karo sun karkata ne ga magana guda, wato yadda ake amfani da na'urorin zamani wajen tafiyar da manyan hanyoyi a lokacin hazo, ƙura, ƙanƙara da ambaliya. Na taƙaita waɗanda suka yi tsawo, amma ban taɓa ma'anar ko ɗaya ba.

TAMBAYA: Malam, ni direban babbar mota ne, na shafe fiye da shekara 20 ina riƙe da sitiyari. Na ga bidiyon wata hanya inda allon da ke nuna iyakar gudu yake canja lamba da kansa idan hazo ya sauko. Shin mutum ne yake zaune yana dannawa, ko kuwa allon ne yake ganin hazon? Kuma me zai hana a bar direba ya auna da idonsa, tunda shi ne a kan hanyar?

AMSA: Allon ba ya ganin komai, ɗan'uwa, shi ɗan aike ne kawai. Masu ganin suna tsaye a gefen hanya, kuma mai yiwuwa ka sha wuce irinsu ba ka kula ba: dogon ƙarfe ne da aka jera wa na'urori, wata tana auna zafin iska da laimarta, wata tana auna ƙarfin iskar da inda ta nufa, wata kuma tana tantance ko abin da ke zuba ruwa ne ko dusar ƙanƙara, sannan ga kyamara a can sama. A cikin kwaltar kanta akan binne wani ɗan faifai da bai wuce tafin hannu da yawa ba, wanda ke faɗin zafin fuskar titin, da kuma ko a bushe take ko a jiƙe.

Wadda ta fi dacewa da tambayarka ita ce mai auna nisan gani. Hannuwa biyu gare ta da ke fuskantar juna a ɗan karkace, ɗaya yana fitar da wani haske da idon mutum ba ya gani, ɗayan yana zaman jira. Idan iska garau take, hasken yakan wuce abinsa, mai jiran ba ya samun abin kirki. Da zarar ƙananan ɗigon ruwan da suka haɗu suka zama hazo sun shiga tsakaninsu, sai su warwatsa hasken, wani sashe ya faɗa idon mai jira, kuma gwargwadon yawan abin da ya faɗa, gwargwadon kaurin hazon. Daga nan kwamfuta take mayar da wannan awo zuwa mita, ta ce yanzu direba ba ya hango abin da ya wuce mita 200, ko 100, ko 50. Ana haɗa wannan da bayanin wasu wayoyi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin kwalta masu ƙirga motoci da auna gudunsu, a tura duka zuwa cibiyar kula da hanya. A wasu wuraren kwamfutar ce take canja allon kai tsaye bisa ƙa'idar da aka riga aka tsara mata, a wasu kuma shawara take bayarwa, ma'aikaci ya duba kyamara ya tabbatar kafin ya amince.

Sashe na biyu na tambayarka shi ne mai nauyi. Ba na raina idon direban da ya shekara 20 a hanya, amma lissafi ba ya duba shekaru. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga abu, ya gane haɗari ne, ƙafarsa ta isa birki, daƙiƙa ɗaya da rabi tana iya wucewa, wato an riga an ci wajen mita 40. Ƙaramar mota mai lafiyayyun tayoyi tana buƙatar ƙarin mita 55 zuwa 60 kafin ta tsaya cak a busasshiyar kwalta, a jiƙaƙƙiya kuwa abin yana iya kusantar mita 100, balle kuma irin taka idan tana ɗauke da kaya. Wanda ke hango mita 50 kaɗai yana wannan gudu, ko da ya taka birki a kan lokaci, zai isa ga abin da ya gani tun motar ba ta rage gudun kirki ba.

Sai dai abin da ya fi kisa a cikin hazo shi ne kowa yana auna da nasa idon. Ranar 11 ga Disamba 1990, hazo ya rufe babbar hanyar I-75 kusa da garin Calhoun a jihar Tenesi ta Amurka, daf da kogin Hiwassee, motoci 99 suka yi ta afka wa juna, mutum 12 suka rasu, 42 suka jikkata. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar ta gano cewa tushen abin shi ne yadda direbobi suka shiga hazon da gudu daban-daban: wani ya taka birki ya koma tafiyar hawainiya, wani ya ɗan sassauta, wani ko ɗaga ƙafa daga totur bai yi ba. Kowannensu yana ganin shi ne a kan daidai. Bayan haka ne, a 1993, aka kafa wa wannan yanki tsarin gano hazo mai allunan gargaɗi, da iyakar gudu mai sauka mataki-mataki, da shingaye masu rufe mashigan hanyar idan gani ya ƙare gaba ɗaya. A ganina babban aikin allon ke nan, ya sa baƙin da ba su san juna ba, ba sa kuma hango juna, su yarda da lamba guda.

Akwai ƙasashen da suka rubuta wannan a doka tun ba allo. A Faransa iyakar gudu a babbar hanya kilomita 130 ne, idan ana ruwa ta koma 110, idan kuma gani ya gaza mita 50 ta koma 50 a kowace irin hanya. Doka ce mai kyau, amma ta bar wa direba aikin auna mita 50 da ido, abin da na'urar can ta fi shi iyawa.

TAMBAYA: Na karanta cewa idan guguwar ƙura ta riski mutum, ana so ya kauce daga hanya ya kashe fitilunsa. Malam, anya ba kuskuren rubutu ba ne? Ai a tunanina lokacin ne ya kamata a kunna kowace fitila.

AMSA: Ba kuskure ba ne, Malama. Shawarar hukumar sufuri ta jihar Arizona ce a Amurka, inda iska kan ɗebo ƙurar hamada ta rufe hanya cikin 'yan daƙiƙu. Dalilin kuwa shi ne, wanda gani ya ɓace masa yakan kama jar fitilar da ke gabansa ya bi ta, yana zaton tafiya take. Idan ke kin riga kin sauka daga kwalta kin tsaya, fitilarki tana ci, to kin zama alamar da za ta jawo shi ya bar hanya ya same ki. Shi ya sa suke cewa a fita daga kan kwaltar gaba ɗaya, a kashe fitilu, a ja birkin hannu, a ɗage ƙafa daga birki don kada jar fitilar ta kama, a zauna cikin mota da bel a ɗaure har ƙurar ta wuce. Sharaɗin yana nan a farkon maganar: wannan na wanda ya bar hanya ne. Wanda har yanzu yake tafiya a kanta, fitilarsa a kunne ya kamata ta kasance.

Ita Arizona ta ƙara da na'ura. A 2020 ta fara aiki da tsarin gano ƙura a wani yanki na hanyar I-10 mai tsawon mil 10, wajen kilomita 16, tsakanin garin Eloy da dutsen Picacho Peak. Akwai na'urorin auna nisan gani a jere, da radar mai hango guguwa tun tana nesa, kuma iyakar gudu tana iya sauka daga mil 75 a awa har zuwa mil 35. Amfanin radar ɗin shi ne ƙura ba ta ba da wa'adi kamar hazo, idan aka jira sai ta iso kan titi, gargaɗin ya zama ihu bayan hari.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a fannin injiniyan hanyoyi. Malaminmu ya ce a ƙasashe masu sanyi akan watsa gishiri a titi tun ƙanƙara ba ta sauka ba. Ta yaya suke sanin lokacin, kuma ba asara ba ce idan ba ta sauka ba?

AMSA: Asara ce idan an yi da ka, kuma guje wa wannan ne ya sa aka binne ɗan faifan da na ambata a amsar farko. Abin da mai kula da hanya yake bibiya shi ne zafin fuskar kwalta, domin sau da yawa yana bambanta da na iska. A daren da sama ta yi garau ba gajimare, kwalta tana fitar da zafinta da sauri har ta fi iskar da ke kanta sanyi. Idan sanyinta ya kai matakin da laimar iska ke zama raɓa, kuma ya sauka ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyos, sai ƙanƙara siririya ta kwanta a kanta ba tare da an yi ko yayyafi ba, kuma direba ba ya bambanta ta da jiƙaƙƙen titi sai ya ji motar ta daina jin sitiyari. Gada takan riga sauran hanya daskarewa, saboda iska mai sanyi tana bin ta ta sama da ta ƙasa, babu ƙasar da za ta riƙe mata ɗumi. Don haka a kan gadoji da kwaruruka aka fi zuba na'urorin.

Kwamfutar cibiya tana haɗa wannan awo da hasashen yanayi na sa'o'i masu zuwa, ta nuna wane yanki ne zai daskare da misalin ƙarfe nawa, wane sinadari ya dace, kuma nawa za a zuba. Ruwan gishirin da ake fesawa tun da wuri, wanda gishirinsa ya kai wajen kashi 23 cikin 100, yana hana ƙanƙara manne wa kwalta, kuma hana ta mannewa ya fi ɓamɓare ta sauƙi nesa ba kusa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gishirin yau da kullum yakan yi rauni idan sanyi ya kai wajen digiri 10 ƙasa da sifili, sai a koma ga wasu sinadarai da suka fi shi jure sanyi. Ka kuma riƙe cewa gishiri yana da tasa ɓarnar: yana sa ƙarfen gada da ƙasan motoci tsatsa, yana kuma gangarawa cikin rafuka. Na'urar da ta ce akwai sauran gishirin jiya a kan titi, ba sai an ƙara ba, ta yi aiki daidai da wadda ta ce a fito a zuba. Ƙasar Finlan, wadda ta daɗe a wannan fage, ta fara haɗa irin wannan awo da allunan gudu masu canjawa tun cikin shekarun 1990.

TAMBAYA: Malam, idan ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, hanyar da ta fi ba ni tsoro ita ce wadda ta ratsa ta ƙarƙashin gada ko ta ƙarƙashin ƙasa. Akwai abin da fasaha za ta iya yi, ko sai dai addu'a?

AMSA: A yi addu'ar, a kuma kafa shinge. Tsoronka yana kan hanya, domin irin wannan wuri kwano ne, duk ruwan da ke kewaye can yake taruwa, kuma mai shigowa daga sama ba ya iya gane zurfinsa, musamman da dare. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 30 yana iya tafiya da yawancin ƙananan motoci, mai santimita 60 kuma yana ɗaukar har manyan jif-jif da a-kori-kura.

Na'urar da ake buƙata a nan ba ta da wuyar sha'ani. Ma'aunin zurfin ruwa ne a wurin da ya fi gangara, wanda idan ruwa ya kai alamar farko zai kunna famfunan zuƙewa da fitilar gargaɗi, idan ya kai ta biyu ya saukar da shinge a bakin shiga. Wuyar tana wajen yanke hukuncin rufewa. Ranar 15 ga Yuli 2023, a Osong da ke yankin Cheongju a Koriya ta Kudu, wata madatsar wucin gadi a bakin kogin Miho ta ɓalle, ruwa ya cika wata hanyar ƙarƙashin ƙasa cikin 'yan mintoci, mutum 14 suka rasu, har da fasinjojin wata motar bas. An fitar da gargaɗin ambaliya a kan kogin sa'o'i kafin haka, amma hanyar tana buɗe har ruwan ya iso. Labari ya samu, hannun da zai rufe ƙofa ne bai motsa ba. Wannan ne ya sa nake goyon bayan a haɗa shingen da ma'aunin kai tsaye, a kuma haɗa shi da ma'aunin kogin da ke kusa, domin ruwan da ya ɓalle daga kogi ba ya tashi a hankali yadda na sama yake yi, kafin na'urar cikin ramin ta ji shi, motoci sun riga sun shiga.

Birnin Kuala Lumpur na Malesiya ya bi ta wata dabara. Ramin da ake kira SMART, wanda aka buɗe a 2007, tsawonsa kilomita 9.7, an gina shi ne don kwashe ruwan ambaliya, amma a tsakiyarsa akwai hanyar mota mai hawa biyu. A ranakun da ba ruwa motoci ne ke bi. Idan ruwa ya yi matsakaicin yawa, sai ya bi ta can ƙasa motoci suna wucewa a samansa. Idan kuwa ya yi tsanani, sai a hana shiga, a tabbatar motar ƙarshe ta fita, a sakar wa ruwa ramin baki ɗaya. Duk wannan ya dogara ne ga ma'aunan ruwan sama da na koguna da ke aiko da labari tun da sauran lokaci.

TAMBAYA: Sababbin motoci suna da kyamara da radar, wayoyinmu kuma suna da manhajar taswira mai faɗin halin da hanya take ciki. Shin ba a kusa daina buƙatar waɗannan alluna ba?

AMSA: Da sauran tafiya. Yanayin da ke makantar da direba yana raunana idon motar ma. Kyamara tana wahala a hazo da ruwa mai ƙarfi, kuma idan dusar ƙanƙara ko taɓo ya rufe farin layin titi, tsarin da ke riƙe mota a layinta ba shi da abin bi. Radar ta fi jure hazo, amma ita ma idan ƙanƙara ta toshe fuskarta sai motar ta sanar da kai cewa ta janye hannunta. Ko da komai yana aiki, motarka tana ganin abin da ke gabanta ne kawai, ba ta san abin da ke bayan kwana ba.

Inda sababbin motoci suke da amfani na gaske shi ne su zama masu kai rahoto. Motar da tayarta ta yi santsi ta san haka kafin direbanta, haka nan ta san an kunna abin share gilashi ko fitilar hazo. Idan aka tara wannan daga ɗaruruwan motoci, an samu awon kowane taƙi na hanya, har inda babu dogon ƙarfen nan. Kamfanin Volvo ya fara irin wannan gargaɗin santsi tsakanin motocinsa a Suwidin da Norwe a 2016. Matsalar ita ce saƙon yana isa ga masu irin motar ko masu irin manhajar kaɗai, shi kuwa allo kowa yana karanta shi, mai sabuwar mota da mai tsohuwa.

TAMBAYA: Na taɓa bin wata babbar hanya a wata tafiya, allo yana ta gargaɗin hazo yana cewa a rage gudu, alhali rana tsaka ce, sama tas. Na rage, sauran motoci suna ta wuce ni suna danna mini ham. Malam, wa ya yi daidai tsakanina da su?

AMSA: Kai ne ka yi daidai, domin a inda lambar allo take da ƙarfin doka, bin ta wajibi ne, kuma ba ka da tabbacin abin da ke gabanka, hazo yakan kwanta a kwari guda ya bar ko'ina fes, kuma amfanin allon shi ne ya yi magana tun kana cikin haske. Amma idan ka yi ta tafiya har ka fita daga yankin ba ka ga komai ba, to an yi maka laifi, kuma laifin ya fi ɓata maka lokaci girma. Direban da allo ya yi wa ƙarya sau biyu, a karo na uku kan mage ya waye, ba zai ɗaga ƙafa ba. Mafi muni kuma, gargaɗin ƙarya yana haifar da ainihin abin da aka kafa tsarin don a hana, wato wasu su rage wasu su ƙi, kamar yadda ka gani da idonka.

Yardar jama'a tana iya kayar da shiri komai kuɗin da aka zuba masa. A Afrilun 2023 gwamnatin Birtaniya ta soke gina sababbin hanyoyin da ake tafiyarwa da irin waɗannan alluna da kyamarori a Ingila, ta ambaci tsadar aiki da kuma rashin amincewar direbobi. Ƙorafin can ya fi shafar cire layin tsayawar gaggawa na gefen hanya, ba yanayi ba, amma ya nuna cewa jama'a suna auna tsarin ne da abin da suka gani a kan titi.

Abin da ya faru da kai kuwa, dalilansa sanannu ne ga masu wannan aiki. Wani lokaci hazon safe ne ya watse, ba a sauke gargaɗin ba, ko don ma'aikaci ya shagala, ko don layin sadarwa ya yanke allon ya maƙale a kan saƙonsa na ƙarshe. Tsari mai kyau yakan sa allo ya goge kansa idan ya daɗe bai ji daga cibiya ba, yakan kuma nemi na'ura biyu su yi ittifaƙi, ko kyamara ta gaskata, kafin a yarda da awo. Wani lokaci kuma matsalar tana jikin na'urar auna nisan ganin. Ƙura da feshin tayoyin manyan motoci suna dusashe gilashinta, kuma gizo-gizo yana son saƙa tsakanin hannuwan nan biyu. Zare guda da raɓa ta rataya a jikinsa ya isa ya warwatsa haske, kwamfuta ta rubuta hazo a ranar da babu shi. Maganin wannan shi ne ma'aikaci da tsani da ƙyalle mai tsabta, yana zagayawa bisa jadawali, da kuma lambar waya a gefen hanya wadda direba irinka zai kira idan ya tsaya, ya ce allo kaza yana faɗin hazo, ga rana kuwa tana dukan gilashi.